HAWAN DUWATSUN BAUCI DA KAKA: A YI HANKALI DA TAƁO

Duk mutumin Bauci da ya daɗe a Kurmi, ko a Agege yake, ko a Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, in aka ce masa kaka ta yi a gida, ba sai an ƙara masa bayani ba. Ya san ruwa ya ɗauke, an gama da gero, ana cirar gyaɗa, dawa ta yi kai ta fara nuna, sanyin asuba kuma ya soma shigowa ta kafar ƙofa. Lokacin nan ne mutane da yawa suke neman hutu a wurin aiki, ko su bar wa yaro rumfa, su hau mota su zo ganin gida. Waɗansu har da iyali suke zuwa, da 'ya'yan da aka haifa a Ikko, waɗanda ba su taɓa hawa abin da ya fi gadar ƙafa ta Oshodi tsawo ba.

Da mota ta baro Jos ta gangaro, abin da yaran nan suke fara gani shi ne duwatsu, dama da hagu, har a shiga gari. Kafin a kwana biyu sun matsa wa uba lamba sai ya kai su sun hau. Uban kuwa, da yake ya yi kiwon awaki a gindin dutsen nan yana yaro, sai ya ga ai abu ne mai sauƙi. Ya manta shekara ashirin ke nan ƙafarsa ba ta taka kome ba sai kwalta da siminti, ya kuma manta cewa daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba shi ne lokacin da ƙasar tudu ta fi ruɗin mutum. Daga bakin titi ko'ina a bushe yake. Sai an shiga ake sanin ruwan damina bai gama tafiya ba.

GARIN DA DUTSE YA KEWAYE

Birnin Bauci yana kimanin mita 600 a saman teku, a gefen arewa maso gabas na tsaunin Jos. Tun kafuwarsa da dutse aka haɗa shi. Malam Yakubu, Bageri, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ya karɓo tuta ya zauna a Inkil tukuna, sa'an nan a 1809 ya kafa garin da ake ciki yanzu. Masu ba da tarihi sun ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya ba shi shawarar ya yi gari yamma da Dutsen Warinje, shi kuwa ya yi alkawarin sa wa garin sunansa. Aka yi ganuwa, aka buɗe ƙofofi, irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Inkil da sauransu. Ban da Warinje akwai Dutsen Tanshi da na Guru kusa da gari, ga duwatsun Buli ta wajen hanyar Dass, ga Zaranda a hanyar Jos, wanda ake hangensa tun daga nesa.

Mutanen da sun san amfanin dutse da taɓo. Doki ba ya iya hawan falalen dutse, ba ya kuma iya sukuwa a fadama, shi ya sa galibin yaƙe-yaƙe sai da rani ake yin su. Ƙabilu da yawa na ƙasar Bauci a saman duwatsu suka yi ƙauyukansu don gudun mahaya, har yanzu kuma mai hawa yana iya tarar da kufansu, da tsofaffin duwatsun niƙa da fasassun tukwane. Malaman nan da suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da Malam Hamza a tsakiyar ƙarni na 19, duwatsun Ningi suka shiga, kuma dawakin Kano da na Bauci ba su iya fitar da mabiyansu daga ciki ba har Turawa suka zo a 1902.

Baƙi daga nesa ma sun ratsa duwatsun nan. Wani Bajamushe, Eduard Vogel, ya zo Bauci a 1855. Wani kuma, Gerhard Rohlfs, ya taso daga Barno ya biyo ta Bauci a farkon 1867, ya yi kudu har ya ɓulla Ikko a cikin shekarar. Watau hanyar da mai karatu yake yi a mota kwana ɗaya da wuni, shi watanni ya yi yana yin ta. Akwai ma wani irin dutse mai duhu da masana ƙasa suka sa wa suna Bauchite saboda a nan aka fara bayyana shi. Baturen nan Falconer ne ya fara bayyana shi a 1911, daga baya Farfesa Oyawoye, mutumin Offa, ya yi dogon bincike a kansa.

INA RUWAN YAKE FITOWA?

Ruwan da kan sauka a Bauci a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, watau wajen inci 40. Kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba, mafi yawa a Yuli da Agusta. Dutsen kuwa irin mai taurin nan ne, ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a kansa, wani ya gangaro nan take, wani ya taru a kwarmi, wani kuma ya shige tsagu da ƙarƙashin manyan duwatsun da suka hau kan juna. Wannan na ƙarshe shi ne yake tsattsafowa a hankali, mako da makonni bayan an ɗauke ruwa, yana jiƙa ƙasar da ke gindin dutse da kwaruruwan da ke tsakanin tudu da tudu.

Ƙasar da ke irin waɗannan wurare baƙar laka ce, wadda in ta sha ruwa ba ta sakinsa da wuri. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai ta busar da samanta kamar kaurin yatsa biyu, ya yi ɓawo ya tsattsage, har mutum ya ga kamar daɓe. Ƙarƙashin ɓawon nan kuwa kunu ne. Da damina kowa yana ganin ruwa da idonsa ya kauce. Da rani ƙasa ta bushe har ciki. Da kaka ne kaɗai take da fuska biyu, kuma a nan ne baƙo yake zurmawa har gwiwa, wani lokaci har cinya.

Wani abin da baƙo bai sani ba shi ne a saman dutse ma akwai taɓo. Duwatsu masu faɗin kai suna da filaye a sama inda ƙasa da ruɓaɓɓiyar ciyawa suka taru a kan fa. Ruwa ba shi da hanyar nutsewa, don haka wurin yakan zauna da caɓi har cikin Nuwamba.

YADDA TAFIYAR TAKE

Masu kiwo da maharba da mata masu itace, waɗanda hawan dutse aikinsu ne na kullum, da sassafe suke fita. Mai binsu ya sani tun kafin ya kai gindin dutse zai jiƙe har ƙugu, domin raɓar kaka mai yawa ce, gamba kuwa a lokacin ta fi mutum tsawo, ta rufe turba. Ƙarangiya tana kama ƙafar wando. Inda ƙarara ta yaɗu a kan itace tilas a ba ta hanya, don wanda gashin kwansonta ya taɓa ba zai manta da ranar ba.

Sa'an nan a iso fadamar da ke gindin dutse. A nan wanda ya sani yakan tsaya ya karanta ƙasa. Inda ciyawa ta yi ja ko ta bushe, ƙasa tana da ƙarfi. Inda take kore shar alhali na kewaye da ita sun bushe, akwai ruwa a ƙasa. Jema da gemun kwaɗo da itacen giyayya duk alamar dausayi ne. Ɗorawa da kaɗanya kuwa a tudu suke tsayawa, wanda ya bi layinsu ba kasafai yake shiga laka ba. Sawun shanu ma yana magana: in kofato ya nutse ƙwarai har ruwa ya taru a ramin, to, nauyin mutum ma zai nutse. Bin turbar shanu ya fi yanke, ko da ta yi zagaye, sai dai a kusa da mashaya, inda garke ya tattake ƙasa ya dama ta.

Sanda ita ce idon mai tafiya a fadama. Ana soka ta gaba kafin a aza ƙafa, ana kuma taka tushen ciyawa maimakon filin da ke tsakaninsu, domin saiwoyi suna riƙe ƙasa. Ba a tsayawa a tsakiya ana hira. In jama'a ce, a bar tazara tsakanin mutum da mutum, don in ɗaya ya kafe sauran su iya taimakonsa daga wuri mai ƙarfi.

Wanda ya zurma kada ya yi ta fizge-fizge, wannan ƙara nutsar da shi yake yi. Ya sauke kayan da ke kansa ko bayansa, ya shimfiɗa sandarsa a ƙasa, ya kwanta da baya ko ya jingina a kanta yadda nauyinsa zai bazu, ya riƙa motsa ƙafa ɗaya a hankali har ruwa ya shiga gefenta ta saki, kana ya zaro ɗayar. Ya koma ta inda ya fito, don nan ne aka tabbata ƙasa ta ɗauke shi. In laka ta riƙe takalmi, a bar mata. Takalmi ba ya fi gwiwa tsada.

Da an fita daga fadama an kama fa, sai wata matsalar ta zo. Tafin takalmi ya cika da laka, dutse kuwa yana da santsi. Baƙaƙen layukan nan da ake gani sun gangaro a jikin dutse hanyar ruwa ce, gansakuka ta kama su, wanda ya taka su da jiƙaƙƙen takalmi sai ya ji shi a ƙasa. Dole a zauna a kankare laka tukuna. Takalmin fata mai sulɓin tafi, irin na zuwa ofis a Ikko, ba shi da aiki a nan, silifa kuma tun a fadama za a rabu da ita. Kambas ko takalmin roba irin na makiyaya su ne daidai. Saukowa kuma ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ƙafa ta gaji, nauyin jiki yana tura mutum gaba.

Amma fa wanda ya kai sama ya san bai yi wahalar banza ba. Kafin hazo ya yi ƙarfi, daga duwatsun da ke kusa da gari ana ganin birni a shimfiɗe, tsohon gari da sababbin unguwanni, da hanyar jirgin ƙasa da ta iso Bauci a 1961, da gonakin dawa har iyakar gani. Rema tana shan hantsi a kan dutse, makwarwa tana tashi daga ciyawa, a duwatsun da ke nesa da gari kuma akan ji haushin gwaggon biri, wanda yara suke wuni suna kora daga gonaki. Wanda ya je Geji, ta wajen hanyar Jos, zai ga zanen shanu da namun daji da mutanen da suka yi a jikin dutse tun zamanin da ba wanda ya san sunayensu.

ABOKAN TAFIYA MARASA SALLAMA

Kaka lokacin maciji ne. Ɓeraye sun yi yawa saboda hatsi, macizai suna binsu, ciyawa kuma ta rufe ƙasa. Wanda ya fi yi wa mutanen wannan yanki ɓarna shi ne kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, wadda take son wuraren duwatsu. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. A Kaltungo, wadda take cikin Jihar Bauci kafin a cire Gombe a 1996, akwai asibiti na musamman saboda saran maciji, kuma lokacin shuka da lokacin girbi ne ya fi cika. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Saboda haka kada a sa hannu a tsagar dutse ko ƙarƙashin dami ba a duba ba, kada kuma a bar yara su yi gaba. In tsautsayi ya faɗa, likitoci sun hana tsaga wurin, sun hana tsotsa, sun hana ɗaure ƙafa tamau da igiya. A kwantar da mutum, a cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi ba tare da ɓata lokaci ba.

Ruwan kwarmi da na ƙududdufi yana da sha'awa ga wanda ya sha rana, amma a bar wa dabbobi. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2013 aka tabbatar ba sauransa a Nijeriya, amma tsargiya tana nan a ruwan da ke kwance, kuma ta fata take shiga. Matsattsaku ma yana jira a dausayi. Daga tsakiyar Nuwamba akan fara ƙunar daji, wuta kuwa ta fi gudu in tana hawan tudu, don haka wanda ya hangi hayaƙi a ƙasansa ya nemi falalen dutse inda ba ciyawa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, in hazo ya sauko kuma duwatsun da mutum ya yi alama da su sai su ɓace. Wanda la'asar ta yi masa a sama ya riga ya makara.

TURAWA DA NASU TAƁON

A Ingila da Sikotilan hawan tudu a ƙarshen kaka wasa ne na mutane masu yawa, ko da yake sanyi da ruwa ba sa barinsu. Nasu taɓon ya bambanta da na Bauci. Saboda sanyi da yawan ruwa, ciyawa da gansakuka in sun mutu ba sa ruɓewa sarai, sai su yi ta taruwa, kimanin milimita ɗaya a shekara, har su zama baƙar ƙasa mai zurfin mita da yawa wadda ba ta bushewa. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Mancasta da kewaye suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout da gangan, don masu ƙasa sun hana talaka bi ta ciki. Aka ɗaure biyar daga cikinsu, amma daga bisani doka ta buɗe wa jama'a tuddan. A 1965 aka buɗe wata doguwar turba, Pennine Way, mai tsawon kilomita 430, an kuma shimfiɗa duwatsu a wuraren da taɓo ya fi muni.

Dutsen da ya fi tsawo a duk Birtaniya, Ben Nevis, mita 1,345 ne. Dutsen Shere da ke bayan Jos ya kai mita 1,829, kuma a can ne ake horar da samarin Man O' War hawan dutse da juriya. Chappal Waddi, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, yana Jihar Taraba a kan iyakar Kamaru, kusa da tsaunin Mambila inda kwaruruwa suke zama da ruwa har bayan damina. Ashe abin da waɗansu suke biyan kuɗin jirgi su je gani, ɗan Bauci yana da shi a bayan gidansu.

GA MAI NIYYAR SAYEN FILI

Akwai wani dalilin da ya sa ya kamata mazaunin Kurmi ya taka gindin duwatsun nan da kaka, ko da ba ya sha'awar hawa. Tun da Bauci ta zama babban birnin jiha a 1976 gari yake faɗaɗa, har gidaje sun kai gindin duwatsu sun shiga fadamu. Sunan unguwar Fadaman Mada kaɗai ya isa shaida. Mutum yakan yi shekaru yana tara kuɗi a Apapa ko Anaca, ya aiko a saya masa fili, ko ya zo da kansa a watan Maris lokacin da kowace ƙasa ta bushe ƙayau, a nuna masa wuri shimfiɗaɗɗe mai araha ya biya. Sai Agusta ta zo a aiko masa cewa ruwa ya kwanta a harsashi. Baƙar laka kuwa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ita ce take tsaga bango. Ambaliyar 2022 da ta 2024 ta rushe gidaje da yawa a Jihar Bauci, kuma gidan da aka gina a hanyar ruwa shi ne kullum a gaba.

Maganin wannan ba shi da tsada. A zo a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, a sa takalmin roba, a ɗauki sanda, a zaga kusurwa huɗu na filin ana sokawa. A duba irin ciyawar da ta fito. A duba bangon maƙwabta ko akwai layin da ruwa ya bari. A nemi manomin da yake noma wurin a tambaye shi abin da yake shukawa: in gero ne ko gyaɗa, tudu ne, in kuwa shinkafa ce ko rake ko gwaza, to, fadama ce, ko da dillali ya kira ta da wani suna. Fadamar da aka cike da ƙasa aka gina ba ta daina karɓar ruwan dutse, gidan maƙwabci kawai take tura shi. An kuma yi hasarar lambun rani, irin wanda yake ba da tumatir da tattasai da 'yan Arewa suke sayarwa a kasuwar Mile 12.

KAFIN A FITA

Dutse yana da masu shi. Kafin a hau wanda ke kusa da ƙauye, a gaida mai unguwa ko sarkin garin, a nemi wanda ya san hanya, a kuma sallame shi da abin kirki. Akwai wuraren da mutanen gari suke girmamawa, makabarta ko wurin al'adarsu, in an ce kada a shiga a bari. Kada a ratsa gonar da ba a girbe ba, domin kaka lokaci ne da rai yake saurin ɓaci tsakanin manomi da mai shigar masa gona. Duwatsun da ke cikin manyan dazuzzuka kuwa sai an yi tambaya sosai, don a 2022 da 2023 an sha samun labarin masu satar mutane a dajin Lame-Burra da ƙasar Alkaleri.

Guzurin bai da yawa: ruwan sha daga gida, ƙuli-ƙuli ko dabino, hula, tocila, da waya mai caji, ko da yake a bayan dutse ba kullum take kamawa ba. A gaya wa na gida dutsen da za a hau da lokacin dawowa. A fita bayan asuba, a juyo kafin azahar. Yaron da aka haifa a Agege, in ya dawo da laka har gwiwa da ƙarangiya a wando, ya ga kufan kakanninsa da idonsa, to, zai koma Ikko da labarin da zai daɗe yana ba abokansa, kuma in an tambaye shi garinsu ya san abin da zai ce.